Wasan Taubashi a Kan Injin Yaya

A gidanmu ana iya fushi da miji, ana iya fushi da maƙwabci, har da liman an taɓa yi. Wanda ba a fushi da shi ɗaya ne, taubashi. Ɗan kawunka ko ɗan gwaggonka zai iya shigowa ya ɗauke naman da ke cikin kwanonka, ya ce maka mummuna a gaban surukanka, ya kira ka bawa a tsakiyar kasuwa. Kai kuwa abin da aka yarda ka yi shi ne ka rama da baki kana dariya. In ka ɗaure fuska, kai ne ka yi abin kunya. Haka muka taso muka tarar a Damargu, kuma ban taɓa ganin aibin abin ba sai shekarar da aka kawo wa Yaya kwamfuta.

Yaya ita ce babbarmu, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni. Mijinta ya rasu a Tanut ya bar mata yara, ta kwaso su ta dawo wurin Inna, a wani gari tsakanin Tanut da Belbeji wanda ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu ina da dangi a can masu buƙatar hatimi. Ta sami aiki a meri, wato ofishin magajin gari, tana buga takardun haihuwa a tsohon mashin na hannu mai ƙararrawa a ƙarshen layi. Ba ta cikin ma'aikata na dindindin. Irin waɗanda ake ɗauka da baki ne, a sallama da baki. Amma ta daɗe a kujerar har mutanen ƙauyuka suka daina cewa za su meri, sai su ce za su wurin mai mashin. Da wannan aikin take ciyar da yaranta da Inna. Ni a lokacin ina koyarwa a lakkol ɗin garin, abin da na mallaka a duniya faransanci ne da saurin fushi.

Wasu masu aikin taimako ne suka kawo kwamfutar, suka kafa farantai masu zuƙar rana a kan rufin meri, suka ce zamanin mashin ya wuce. Aka tura Yaya Tanut ta koyo yadda ake aiki da manhajar takardun haihuwa. A can, injinan da suka koya a kai duk an riga an saka musu ita. Ranar tashi aka ba kowa kile, ɗan abin nan kamar yatsa da ake zuba kayan kwamfuta a ciki, aka ce in kun koma ku soka shi a injinku, ku buga wannan layin, shi ke nan. Masu koyarwar suka shiga motarsu suka yi kudu, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba.

Babban sakataren meri, wanda kowa ke kira Shef, ya tare ta tun ba ta aje jaka ba. Ya ce bayan kaka, kafin makarantu su aika sunayen yaran da za su yi jarrabawa, kowace takardar haihuwa daga kwamfuta za ta fito, an daina karɓar bugun hannu.

“In abin ya fi ƙarfinki, Madam, ki faɗa da wuri,” in ji shi. “Akwai masu iyawa.”

Kowa ya san masu iyawar. Ƙanwar matarsa ce, wadda ta dawo daga Damagaram da takardar shaidar koyon kwamfuta, tana zaune a gida tana ƙunshi.

Ranar da za a saka manhajar na je bayan mun tashi yara. Yaya ta yi bisimilla, ta soka kile, ta buɗe baƙin allon nan da ake buga wa inji umarni. Dukan maɓallan take da ƙarfi yadda ta saba yi wa mashin, har sai da na ce Yaya a hankali, wannan ba ta saba da duka ba. Ta buga layin da aka ba ta. Rubutu ya fara gudu yana hawa sama, muka kalli juna muna murmushi. Can sai ya tsaya cik.

Na sunkuya na karanta. Injin ya ce manhajar ba za ta zauna ba, don tana dogara da wasu abubuwa da babu su a cikinsa. Ya jero sunayensu, kowanne ya fara da “lib” kamar 'ya'yan gida ɗaya, da lambobi a wutsiya.

Daga baya na fahimci abin, kuma ba wani asiri ba ne. Masu ƙera manhaja ba sa ƙera komai da komai. Suna jingina da ƙananan guntaye da wasu suka riga suka yi: wannan shi ke zana haruffa, wancan shi ke magana da injin fitar da takarda. Inda akwai intanet, kwamfuta da kanta take aikawa a kawo mata su, ko sani ba za ka yi ba. Mu kuwa rezo ɗinmu, wato layin wayar salula, a wancan lokaci na kira ne kawai, shi ma sai ka hau tudun bayan kasuwa. Da na gama yi wa Yaya bayanin iya abin da na gane, sai ta ce, “Oho, ashe ba ta zama sai da 'yan rakiya.” Sunan da ya bi guntayen nan ke nan har yau a bakina.

Ta roƙi Shef ya bari a kai injin Tanut ko Damagaram, inda za a haɗa shi da intanet. Ko ɗagowa bai yi ba.

“Kayan gwamnati ba ya hawa motar kasuwa,” ya ce.

A nan ne taubashinmu ya shigo labarin. Ɗan Kawu ne, Kawu kuwa wan Inna ne da ke Gangara. Aikin kwamfuta yake yi a wani ofishi a Damagaram, kuma duk dangi in wayar wani ta rikice shi ake nema. Yaya ta girme shi sosai. Lokacin da yake karatun kolej a Tanut a gidan aurenta ya zauna, tuwonta ya ci, ita ke wanke masa rigar makaranta, ita ta yi jinyarsa da ya yi ƙyanda yana ƙato. Da yake mu 'ya'yan mace ne, shi ɗan namiji, tun yana zubar da majina yake kiranmu bayinsa. Yaya kuwa ba ta taɓa bari ya ci ta da baki ba. Wasan nasu yana da doka ɗaya da ba a rubuta ba: duk wanda ya furta da bakinsa cewa shi ne bawan, ya faɗi har abada. Babu wanda ya taɓa furtawa.

Muka hau tudu da la'asar ta kira shi.

“Wa nake ji kamar baiwata?” ya ce.

“Uwargijiyarka dai, bawan banza. Ka ci abinci yau, ko sai na aiko maka?”

Suka yi dariya, ni ma na yi. Ta gaya masa matsalar. Ya ce wannan ai wasan yara ne, ta rubuto sunayen abin da ordinata, wato kwamfutar, ke nema, ta haɗo da kile ta aiko.

Haka muka yi. Na kwafe sunayen harafi bayan harafi, Yaya ta naɗe kile a takardar, ta ƙulle a leda, ta ba direban motar kasuwa. Shi zai kai Tanut ya miƙa wa wani direban a tasha, wancan ya wuce da shi Damagaram. Dawowa ma haka, sai wata kasuwar ta zagayo.

Kile ya dawo. Abin da muka rubuta, shi ne a ciki, ko ɗigo bai ƙara ba. Muka saka. Na farko ya shiga lafiya. Na biyu ya ce shi ma yana da nasa 'yan rakiyar, ya jero su. Na uku ya ce ba zai zauna ba sai na biyu ya zauna. Yaya ta tafa hannu ta yi salati tana dariya, ta ce wannan dangi da yawa suke. Muka sake kwafa, muka sake ƙullewa a leda.

Gero ya fitar da kai muna wannan aike. Ya nuna muna yi. Aka fara yanka, amalanke suna shigowa gari da dammunan hatsi, ana jera su a bakin rumbuna, mu kuwa kowace kasuwa muna tasha muna jiran leda. Kullum labarin ɗaya ne: waɗanda aka kawo su shiga, su kira wasu. Direban ma ya gane mu, da ya hango Yaya zai ɗaga ledar ta taga kamar ya kawo mata magani.

Wata rana na karɓi wayar na tambaye shi ko babu hanyar da za a san dukansu a lokaci ɗaya.

“Ke malamar lakkol, ki tsaya ga a-be-se ɗinki,” ya ce. Sai ya yi dariya. “Akwai mana. Amma ba a ba bayi kaya a dunƙule. Ta ce ‘ni baiwarka ce, ranka ya daɗe’, in haɗo mata duka a tahiya guda.”

Yaya ta fizge wayar. “Sai dai ordinatar ta ruɓe!”

A ranar ta faɗa da gaske tana jin daɗi, don ta ɗauka zai ja ta kasuwa ɗaya ko biyu ya gaji. Ba ta san yaron da ta raina ba.

Iyaye suka fara taruwa a meri. Wasu daga wajen Ollelewa suke zuwa, wasu makiyaya ne da suka bar dabbobi a hannun wani suka yini a hanya. Shef ya riga ya sa an ɗage tsohon mashin an ɗora kan kabad, saboda haka Yaya sai ta ba su haƙuri, ta ce su dawo. Mutanen da da suke yi mata addu'a suka fara tsaki a gabanta. Wani tsoho ya ce mata in ta tsufa da aikin ta ba yara wuri. Abokan aikinta kuma suka sami abin shaƙiyanci. Da safe mai karɓar harajin kasuwa zai leƙo ya ce, “Madam, 'yan rakiya sun iso?” Sauran su kwashe da dariya. Ƙanwar matar Shef ta fara kawo masa abinci ofis da kanta, ta zauna a benci tana kallon hannun Yaya, tana taunar cingam.

Ba zama Yaya ta yi ba. Ta kira lambar masu koyarwar, a kashe. Ta je wurin wani malamin kolej mai kwamfutar hannu, ya duba ya ce tasa wata iri ce daban, bai san wannan ba. Ta sake roƙon Shef, ya sake ba ta amsar motar kasuwa. Ta rame. Takan zauna gaban baƙin allon tana karanta sunayen nan a hankali, tana motsa leɓe, kamar in ta haddace su za su ji kunyarta.

Ni kuwa na cika na batse. Na ce wa Inna zan kira Kawu in gaya masa abin da ɗansa yake yi.

“Ke, ruhe mini baki,” in ji Inna. “Ana kai ƙarar taubashi? So kike a ce 'ya'yana ba su san wasa ba? Ɗan wana ne. Gonar da muke ci wa ya ba mu bayan ubanku ya rasu?”

Na ce wasan da zai raba mutum da abincinsa ba wasa ba ne. Ta ce in na ƙara, ba da yawunta ba. Yaya tana gefe tana ta tsince wake.

Da Shef ya sanar cewa kasuwa mai zuwa ta sama ita ce iyaka, Yaya ta ce in raka ta tudu. Rana ta yi sanyi, mata suna dawowa daga rijiya da jakuna, suna bi ta gefenmu. Ta kira. Suka gaisa. Sannan ta ce, a hankali, “To, ni baiwarka ce.”

“Me? Ban ji ba, rezo ba kyau.”

“Na ce ni baiwarka ce.”

“Kin manta ƙarshen.”

Ta sake cewa, “Ni baiwarka ce, ranka ya daɗe.”

Sai dariya ta fashe a cikin wayar, ba ta mutum ɗaya ba. Maza ne da yawa, har da mai tafi. Ashe ya buɗe muryar wayar a gaban abokan aikinsa. Matan rijiya ma sun ji, suka waiwayo suna kallon mai mashin, babbar mace uwar 'ya'ya, tana kiran kanta baiwa a kan tudu. Yaya ta yi dariya ita ma, don haka dokar take. Na ga haƙoranta, na ga kuma idonta.

“An karɓa,” ya ce. “Kaya na tahe.”

Wannan karon kile ya zo cike. Guntaye rututu, har Yaya ta ɗaga hannu ta gode wa Allah. Muka fara sakawa, suna shiga ɗaya bayan ɗaya. Sai injin ya tsaya a kan wani, ya faɗi maganar da bai taɓa faɗa ba. Bai ce babu ba. Cewa ya yi wanda aka kawo ya fi wanda ke cikinsa sabunta, in aka saka shi zai yi karo da wasu abubuwa da suka riga suka zauna.

Na ruga tudu na kira shi. Ana kiɗa a inda yake, da ƙyar nake jinsa. Na karanta masa abin da injin ya ce.

“Ku tilasta mata,” ya ce. Ya faɗi wata kalma da za a ƙara a layin, wadda ke sa inji ya yi abin da aka ce ko yana ƙorafi.

Na ce ba zai ɓata wani abu ba?

“Ordinata kamar baiwa ce, sai da tilas. Ki tambayi Yayarki.” Ya kashe.

Na dawo na gaya wa Yaya kalmar, sauran maganar na riƙe a cikina. Ta buga. Injin ya yi gargaɗi, ya wuce. Rubutu ya gudu har ƙarshe ba tare da ya tsaya ba. Yaya ta rungume ni. Muka kashe injin muka kunna, yadda aka koya mata.

Bai tashi ba. Baƙin allo ne kawai da ɗan farin layi yana ƙyafta ido a kusurwa. Muka sake kashewa muka kunna. Muka zare waya muka mayar. Kafin wannan rana, ko ba komai, ana iya buga wasiƙa a injin a fitar. Yanzu ko wannan babu. Sai bayan shekaru wani ya bayyana mini dalili: taubashin namu daga nasa injin ya kwaso guntayen, nasa kuwa sabon yayi ne, na Yaya tsoho. Tambaya ɗaya zai yi tun farko, wane yayi ne injinku, amma bai taɓa yi ba. Na daɗe ina tunanin ko da gangan ya aiko da wanda zai kashe injin. Yanzu na fi yarda cewa ko tunanin abin bai tsaya yi ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai.

Muka kira shi, waya a kashe.

Washegari Shef ya tara ma'aikata a ofishin Yaya, ya sa ta kunna injin a gabansu. Kowa ya kalli ɗan layin nan yana ƙyafce. Ya tambaye ta wa ya ba ta izinin tilasta wa kayan gwamnati. Ya ce da wani ne da sai ya kira jandarma, amma shi yana duba marayu. Ya ce ta je gida ta huta. Yadda aka ɗauke ta da baki, haka aka sallame ta. Ta ɗauki butarta da sallayarta. Ta miƙa hannu kan kabad za ta cire ƙyallen da ke rufe da tsohon mashin, Shef ya ce wannan fa? Ta ce ita ta ɗinka shi da atamfarta. Ya jujjuya shi a hannu ya duba ɗinkin kafin ya sakar mata.

Ba a yi mako ba na ga motar Shef ta fita gari. Kwamfutar tana kujerar baya, an naɗe ta da bargo, ƙanwar matarsa tana zaune a gefe ta dafa ta. Ashe kayan gwamnati yana tafiya, motar kasuwa ce kawai ba ya hawa. Suka dawo da injin yana aiki, manhaja a ciki, takardu suna fita fes. Yaran ajina duk sun sami nasu a kan lokaci, ni na je na karɓo da hannuna daga hannun yarinyar, tana zaune a kujerar Yaya.

Yaya ta koma soya ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa. Yatsun da suka yi shekaru suna buga sunayen jariran rabin ƙasar nan suka cika da tabon ƙuna. Babbar 'yarta ta bar kolej ta dawo tana taya ta. Yaya ba ta taɓa ambaton taubashin da mugun baki ba, ni kuma aka hana ni.

Bayan wasu watanni matar taubashin ta haihu, aka yi suna a gidan Kawu a Gangara. Inna ta ce dukanmu za mu je. Yaya ta kai kwalbar mai da ƙullin ƙuli-ƙuli na barka. Da hantsi, bayan an raɗa suna, muna zaune cikin mata a tsakar gida ana rabon fura, sai ga shi ya shigo gaisuwa, cikin shadda mai ƙara, ya yi ƙiba. Yana hango Yaya ya ware hannu.

“Jama'a, ga baiwata! Da bakinta ta faɗa, ina da shaidu a Damagaram!”

Mata suka yi guɗa. Aka ce ya ba da labari. Ya ja kujera ya zauna, ya bayar tun daga farko, yana kwaikwayon muryar Yaya a kan tudu. Ya iya labari, ban taɓa hana masa wannan ba. Gwaggonninmu suna riƙe ciki, wata har da hawaye.

“Ku tsaya ku ji ƙarshen,” ya ce. “Rannan ina zaune a biro, ofishinmu, sai ga wani shef da wata yarinya sun shigo da ordinata cikin bargo. An ce musu ni ne gwani. Ina kunna ta na gane aikin hannuna. Na ce, af, wannan ai injin baiwata ne! Na wanke shi, na haɗa da intanet, na buga layi guda, ya jawo 'yan rakiyarsa duka da kansa. Kahin shayi na biyu ya tahwasa na gama.”

Wata ta ce, to me ya sa bai yi wa Yaya haka ba tun farko?

“Ai ko injin bai zo ba, da na so, ranar farko zan sauko mata da su duka in zuba a kile guda. To ina daɗin wasan?” Ya juya ga Yaya. “Ke ma ai hutar da ke na yi. Aikin da sai zaman kujera da ciwon baya. Sai dai yanzu wa zai buga wa ɗana takardar haihuwa, baiwata ta yi ritaya?”

Aka sake kwashewa. Yaya ta ce, “Ka kawo shi in buga masa da ludayin suya,” aka ƙara guɗa, aka ce ta rama.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce masa tuwon da ya ci a gidan Yaya Allah ya isa. Na ce yarinyar can da ke raba fura, 'yar Yaya, ta bar kolej saboda wasansa. Na ce shi ba taubashi ba ne, mugu ne wanda ya sami al'adar da zai ɓuya a bayanta. Na faɗi wasu abubuwan ma da ba zan rubuta ba, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba.

Matar Kawu ta aje ludayi. Inna ta rufe fuska da mayafi. Shi kuwa ya buɗe baki yana kallona, da mamaki na gaskiya a fuskarsa, kamar wanda akuya ta yi wa magana. Kafin azahar labari ya kai zaure. Kawu ya aiko cewa tunda aka kafa gidan nan ba a taɓa zagin taubashi da gaske ba, balle ranar sunan ɗansa. Ko in ba da haƙuri a gaban waɗanda na yi abin, ko ƙanwarsa ta kwashe 'ya'yanta.

Na ce sai dai mu tafi. Ina ɗaura mayafi sai na ji an kama mini wuyan hannu. Yaya ce. Yatsunta sun yi kaushi, ina jin tabon ƙunar a fatata. Ta ja ni har tsakar gida, gaban kujerarsa, ta danna kafaɗata sai da gwiwata ta taɓa ƙasa.

“Ka yi haƙuri,” ta ce masa. “Yarinya ce, ba ta san wasa ba.”

Na ba da haƙurin, don hannunta yana kaina. Ya ce ya yafe, ai ba a riƙon baiwa a zuci. Mata suka sauke ajiyar zuciya, aka ci gaba da rabon fura.

A hanyar komawa muna bayan mota a kan buhuna, Inna tana gaba. Da muka yi nisa na kasa daurewa na ce, “Yaya, ke da aka cuta, ke ce za ki durƙusar da ni a gabansa?”

Ta daɗe tana kallon karan gero da aka bari a gonaki.

“Ni na yi jinyar yaron nan,” ta ce. “Da hannuna nake ba shi kunu. In na ce ba wasa ba ne, to mene ne? Aikin ya riga ya tahi. Ki bar mini wannan a wasa.”

Ban sake tayar mata da maganar ba. A dangi har yau ni ce wadda ba ta san wasa ba, ana nuna ni ga yara. Shi kuma duk watan cika-ciki, lokacin da taubasai ke neman juna, sai ya kira ta. Yanzu rezo ya shigo har cikin gida, ba sai an hau tudu ba. Ina jin muryarsa daga inda nake zaune yana cewa, “Baiwata, 'yan rakiya sun iso?” Yaya takan sauke kasko daga wuta, ta goge man hannunta a zani, ta riƙe wayar da kyau.

“Sun iso, ranka ya daɗe,” take cewa, sannan ta yi dariya.